Zuwa El Tatio, Inda Ruwa Ke Tafasa a Tsakiyar Ƙanƙara: Tambayoyi da Amsoshi

El Tatio fili ne a can saman tsaunukan Andes, a arewacin ƙasar Chile, dab da iyakar Boliviya, inda ƙasa ke aman tafasasshen ruwa da tururi dare da rana. Yana gefen hamadar Atakama, wadda ke cikin wurare mafiya bushewa a duniya. Duk wanda ya ga hotonsa sai ya ji yana son zuwa, kuma wurin ya isa a je dominsa. Sai dai hoto ba ya nuna sanyi, ba ya nuna yadda numfashi ke gagarar mutum, ba ya kuma nuna cewa ƙasar da mai hoton ya taka tana iya burmawa da shi. Ga abubuwan da mai niyyar tafiya ya kamata ya sani tun yana gida.

Ina ne ainihin wurin, kuma ta ina ake bi?

Yana yankin Antofagasta, a tsayin mita 4,320 daga teku. Daga Santiyago, babban birnin ƙasar, jirgi kan ɗauki kamar awa biyu zuwa Calama, garin masu haƙar tagulla. Daga Calama sai mota, kilomita 100, zuwa San Pedro de Atacama, ɗan ƙaramin gari mai gine-ginen ƙasa inda kusan kowane baƙo yake sauka. Daga San Pedro zuwa El Tatio kimanin kilomita 90 ne, hawa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma ana shafe awa ɗaya da rabi zuwa biyu a hanya.

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar sai da biza yake shiga Chile, don haka wannan ne aikin farko, tun kafin a yi maganar tikiti.

Me ya sa ake ta maganarsa haka?

Maɓuɓɓugar ruwan zafi ba baƙon abu ba ce a duniya. Abin da ke da wuyar samu shi ne irin wadda ke tara ƙarfi a ƙasa, ta yi shiru, sannan ta tsartar da ruwa sama, ta sake yin shiru. A El Tatio akwai irin waɗannan sama da 80 masu aiki. Wurare biyu ne kawai suka fi shi yawansu, Yellowstone a Amurka da wani kwari a Kamchatka ta Rasha, kuma a kudancin duniya kaf ba shi da na biyu.

Amma kada a sa rai da ruwa mai tashi kamar bene. Yawancinsu tsartuwarsu ba ta kai mita ɗaya ba, ƙalilan ne ke haura kan mutum. Kyan wurin a yawa yake: duk inda ka juya ga tururi na tashi, ga rami na huci, ga taɓo na ɓalɓala, ga ƙananan magudanai na ratsa fili, tsaunuka masu dusar ƙanƙara sun kewaye su.

Daga ina wutar take?

A ƙarƙashin wannan ɓangare na Andes akwai narkakken dutse mai tarin yawa, shi ya haifar da duwatsu masu aman wuta da ke jere a kan iyakar Chile da Boliviya. Ruwan sama da na dusar ƙanƙara da ke sauka a tuddan gabas yana nutsewa cikin ƙasa, ya yi doguwar tafiya ta cikin tsagogin dutse mai zafi. A can ƙasa zafinsa yana wuce digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, amma ba ya tafasa, domin nauyin abin da ke kansa ya danne shi. Da ya sami tsaga ya kama hanyar sama, dannewar ta ragu, sai wani ɓangarensa ya rikiɗe ya zama tururi farat ɗaya, ya ingizo sauran waje. Wannan ingizar ce kake gani a matsayin tsartuwa. Shi ya sa ramin da ka tarar a kwance lumui zai iya tashi bayan minti kaɗan ba tare da sallama ba.

Ana iya yin wanka a ciki?

A maɓuɓɓugan kansu, a'a. Ko yatsa ba a sawa.

Na san dalilin da ya sa wannan tambaya take fara zuwa bakin mutanenmu. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya shiga ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31, ko wanda ya san Tafadek a duwatsun Ayar, arewa da Agadas, inda ake zuwa wanka don neman lafiya, da ya ji an ce ruwan zafi sai ya fara neman tawul. El Tatio ba wannan ba ne. Ruwan da ke fitowa a nan yana kan tafasa ne.

Akwai wani tafki da aka keɓe a gefen filin inda ruwan ya sirka, wanda baƙi suka daɗe suna shiga. Masu kula da wurin ne ke da ikon buɗe shi ko rufe shi, don haka a tambaye su a bakin ƙofa, a kuma bi abin da suka ce. Wanda wanka ne ya kawo shi, gara ya nufi Puritama, kimanin kilomita 30 daga San Pedro, inda ruwa mai ɗumin digiri 33 ke gangarowa tafki bayan tafki a cikin wani kwazazzabo. Can ne wurin tawul.

An ce a digiri 86 ruwan ke tafasa, ba 100 ba. Ke nan bai kai na tukunya haɗari ba?

Gaskiya ne a wannan tsayi ruwa kan tafasa a wajen digiri 86, saboda iskar da ke danne shi ba ta da nauyi kamar ta bakin teku. Amma fatar ɗan Adam ba ruwanta da wannan lissafi. Ruwa mai digiri 60 yana cinye fata har ƙasa cikin kamar daƙiƙa biyar. Idan ya kusa 70, daƙiƙa ɗaya ta isa. To ina ga 86? Ƙari a kan haka, wanda ya zo nan yana cikin safa mai kauri da takalmi rufaffe da wando biyu. Idan ƙafa ta faɗa, waɗannan kayan su ne za su sha ruwan su riƙe shi a jikin fata, kafin a kwance igiyar takalmi da yatsun da sanyi ya ƙandare, aikin gama ya gama.

To yaya ake yi mutum da hankalinsa ya faɗa ciki?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin babu wanda ke zuwa da niyyar faɗawa, kuma waɗanda abin ya rutsa da su ba wawaye ba ne.

Ruwan yana ɗauke da wani sinadari, silika, wanda ya narke daga duwatsu. Yayin da ruwan ke hucewa a sarari, silika na kwantawa, yana yin ɓawo fari-fari ko ruwan toka a kewayen kowace maɓuɓɓuga. A ido, ɓawon nan dutse ne. A wasu wurare kuwa dutsen ne da gaske, mai kauri. A wasu wuraren ɗan siriri ne, ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, tamkar kunun da ya yi fata a sama alhali cikinsa wuta. Ba ka da hanyar bambance su da ido, kuma inda ya ɗauki wani jiya ba lalle ya ɗauke ka yau ba.

Sai kuma sauran abubuwan da ke taruwa a kan mutum lokaci guda. Ka iso da duhun asuba, barci bai ishe ka ba. Sanyi na yankan kunne, sai ƙafarka da kanta ta riƙa jan ka zuwa inda ɗumi yake. Ƙarancin iska ya sa kanka na ɗan juyawa, tunaninka ya yi nauyi ba ka sani ba. Iska ta juyo da tururi ta lulluɓe ka, gilashin idonka ya yi hazo, na ɗan lokaci ba ka ganin ko tafin hannunka. Ruwan da ya fantsama da dare ya daskare a ƙasa, ga santsi. A cikin wannan hali ne wani zai ɗaga waya, ya ce maka ɗan ja baya kaɗan don tururin ya fito a hoton.

A 2015 wata baƙuwa 'yar Beljiyam ta faɗa ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan, ta ƙone ƙwarai, ta rasu bayan an kai ta asibiti. Ba ita ce ta farko da ruwan ya ƙona ba.

Masu wurin sun jera duwatsu, wasu an shafa musu fenti, sun shata hanyoyi, sun kewaye ramuka masu haɗari da ɗan gajeren gini. Ba katanga ba ce, yaro ma zai tsallake. Amma wannan layin duwatsun shi ne iyakar da ke tsakaninka da abin da na bayyana a sama. Kada ka tsallake shi ko da taku ɗaya, ko da ka ga wani ya yi ya dawo lafiya. Kada ka yi tafiya da baya. Idan za ka ɗauki hoto, tsaya cak, ɗauka, sauke wayar, dubi ƙasa, sannan ka ɗaga ƙafa. Idan tururi ya rufe ka, tsaya inda kake har ya wuce. Idan hula ko waya ta faɗa hayin layin, a bar ta, a kira ma'aikacin wurin. Yaro kuwa hannunsa a cikin naka daga sauka mota har komawa.

Idan tsautsayi ya faɗa, me za a yi?

A janye mutum daga ruwan ba tare da mai ceton ya taka ɓawon ba. A cire takalmi da safa da duk tufar da ta jiƙe nan take, a yanka ta in ta kama, sai dai wadda ta manne da fata, ita a bar ta. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. A zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har kimanin minti 20, amma ban da ƙanƙara, kuma a lulluɓe sauran jikin da bargo, domin a wannan sanyi wanda ya ƙone yana iya sandarewa. A rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle ko ledar naɗe abinci. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko gishiri, ban da fasa bororo.

Lambar motar asibiti a Chile 131 ce, ta 'yan sanda 133. Sai dai waya ba abin dogaro ba ce a can sama, babban asibiti mafi kusa kuma yana Calama, tafiyar awanni. Saboda haka a sanar da ma'aikatan ƙofa da direba nan take, a kama hanya.

Tsayin wurin fa, da gaske yana kayar da mutane?

Yana kayarwa, kuma waɗanda yake kayarwa sun fi waɗanda ruwa ke ƙonawa yawa nesa ba kusa ba. A mita 4,320, iskar da kake shaƙa a kowane numfashi kamar kashi 60 cikin 100 ce ta wadda za ka samu a bakin teku. Don a gane nisan abin: Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Garin San Pedro, inda za ka kwana, yana kan mita 2,400. Wato masaukinka yana daidai da ƙololuwar Najeriya, daga nan kuma za a ƙara haurawa da kai kusan mita 2,000 cikin awa biyu.

Mutanen yankin suna kiran ciwon puna. Yana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da haki. Ba ya duba ƙarfi. Saurayi ɗan ƙwallo yana iya zubewa, tsohuwa ta wuce shi tana tafiyarta.

Maganin da ya fi aiki shi ne haƙuri. A kwana biyu ko uku a San Pedro tukuna, a fara da wuraren da ke kusa, a bar El Tatio sai ƙarshen ziyara. Daren tafiya a ci abinci marar nauyi, a sha ruwa sosai. A can sama a yi tafiya a hankali, kada a yi gudu, kada a miƙe zumbur daga tsugune. Akwai ƙwayar acetazolamide da likitoci ke bayarwa don rigakafi, amma likita ne zai ce ta dace da kai. Za a miƙo maka shayin ganyen koka ko na wani tsiro da suke kira chachacoma, al'adar mutanen wurin ke nan. Ganyen koka dai, da yake da shi ake yin hodar ibilis, kada ka kuskura ka sa shi a jaka ka nufo gida, a filin jirginmu laifi ne babba.

Idan mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ba a jira a ga ƙarshen yawo. A sauko da shi.

Ina da sikila, ko ina ɗauke da ita. Zan iya zuwa?

Wannan tambayar ba za ka cika ganinta a takardun masu shirya yawo na can ba, domin ciwon bai yawaita a cikinsu ba. A wurinmu kuwa da wuya ka sami dangin da bai taɓa ba.

Mai SS ko SC, shawarata kada ya je. Abubuwa uku da aka san suna tayar da ciwon, ƙarancin iska da tsananin sanyi da bushewar jiki, duka suna jiransa a wuri ɗaya, asibiti kuma na nesa.

Mai AS shi ne wanda na fi jin tsoro a kansa, domin ya saba jin cewa lafiyarsa lau, kuma a gida haka ne. Amma likitoci sun san cewa a kan tsauni mai tsayi jinin mai AS yana iya toshe hanyoyin saifa, kuma an sha ganin haka ga matafiya a Andes. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, tare da amai. Yana da sauƙi a ɗauka ɓacin ciki ne ko puna. Duk wanda bai san ko yana ɗauke da sikila ba ya je a gwada kafin ya sayi tikiti. Mai AS ya zauna da likita, ya faɗa masa tsayin wurin da lamba, kuma idan ya tafi, ya sanar da jagoran tafiyar tun a mota. Da ciwon nan ya taso, a sauka, a nufi asibiti, a gaya musu yana ɗauke da sikila, domin ba lalle tunaninsu ya kai can da wuri ba.

Mai juna biyu, mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, su ma sai da izinin likita. Ƙananan yara kuwa, kamfanonin yawo da yawa ba sa ɗaukarsu.

Me ya sa sai da tsakar dare ake tashi?

Motoci kan bar San Pedro tsakanin ƙarfe 4 da 5 na asuba. Maɓuɓɓugan ba sa barci, aikinsu ɗaya ne dare da rana, amma tururi sai a iska mai sanyi yake fitowa fili. Kafin fitowar rana, lokacin da sanyi ya kai maƙura kuma iska ba ta taso ba, tururin kan miƙe sama kyam, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Da rana ta leƙo daga bayan tsaunin gabas sai ta haske su ta baya. Zuwa hantsi iska ta yi ɗumi, yawancinsa ya ɓace, sai fili da ramuka.

Wanda ya iso da hantsi ya rasa wannan, amma ya sami wani abu: mutane sun watse, sanyi ya sassauta, yana ganin inda yake takawa, launukan magudanai kuma sun fito sarai.

Wane irin sanyi ne, me zan sa?

Da asuba ma'auni yana ƙasa da sifili kusan duk shekara. A lokacin sanyinsu, daga Yuni zuwa Agusta, yana iya kaiwa 15 ko 20 ƙasa da sifili. Duk sanyin da ka sani na Jos ko na hunturun Kano, ajiye shi gefe.

A sa kaya hawa-hawa: na ciki mai kama jiki, rigar ulu, sannan rigar sanyi mai kauri mai tare iska. Hula mai rufe kunne, safar hannu, mayafin wuya, safa mai kauri, takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Babbar riga da zani mai jan ƙasa ba na nan ba ne, iska na kaɗa su, bakinsu na shiga inda bai kamata ba. Mai sa hijabi ta zaɓi wanda za ta iya cusawa cikin rigar sanyi. Da rana ta ɗaga za ka fara tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, a nan kuma wata matsalar take: hasken rana a waɗannan tuddai yana cikin mafiya ƙuna a duniya. Baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe na tsagewa, ido na yaji. A tafi da baƙin gilashi, man kare fata da man leɓe. Batirin waya yana mutuwa da wuri a sanyi, a ajiye ta a aljihun ciki.

Zan iya ɗebo ruwan a gora, don sha ko don magani?

Kada ka sha, kada ka kawo wa kowa tsaraba. Ruwan El Tatio yana cikin ruwaye mafiya yawan gubar asenik da aka auna a doron ƙasa, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha sau dubbai. Ga gishiri kuma. Tafasa ba ta kashe asenik, ba ƙwayar cuta ba ce. Daga filin nan kogin Salado yake farawa, ya gangara ya haɗu da Loa, kogi mafi tsawo a Chile. Mutanen yankin sun san zafin wannan guba: daga 1958 zuwa 1970 birnin Antofagasta ya sha ruwa mai yawan asenik da aka janyo daga kogunan tsaunukan nan, kuma shekaru da dama bayan haka ana ta ganin sakamakonsa a yawan ciwon daji na huhu da na mafitsara.

Salla fa?

Asuba za ta same ka a hanya ko daidai isowarka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi alwala a masauki kafin ka shiga mota, ka riƙe ta. A can sama ruwan gora kan yi sanyin da zai sa yatsu su daina ji, na maɓuɓɓuga kuwa ba a ma maganarsa. Hukuncin shafa a kan huffi da na taimama ga wanda ruwa zai cutar sanannu ne, a tambayi malami tun a gida don a tafi da natsuwa. Alƙibla daga nan gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa. A yi salla a wajen ajiye motoci, kan busasshiyar ƙasa, a kuma gaya wa direba tun da wuri don kada a tafi a bar ka. Tashi daga sujada a yi shi sannu, jiri na nan kusa. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin Ramadan ya tuna cewa matafiyi yana da rangwame, kuma hawa wannan tsayi da busasshen maƙogwaro ganganci ne.

Wurin na wane ne, kuma me ya sa ake biyan kuɗin shiga?

Ƙasar mutanen Atakama ce, waɗanda ke kiran kansu Likan Antai, kuma suna nan tun kafin zuwan Sifaniyawa. Al'ummomin ƙauyuka biyu, Caspana da Toconce, su ke tafiyar da wurin: su ne a bakin ƙofa, su ke shata hanyoyi, su ke kula da banɗaki. Kuɗin shiga hannunsu yake zuwa, kuma sau da yawa ba ya cikin abin da ka biya kamfanin yawo, don haka a riƙe kuɗin ƙasar, peso, a aljihu.

Riƙon nan bai zo musu a sauƙaƙe ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyi a filin don neman tururin da za a juya injin lantarki da shi, har yau za ka ga ragowar ƙarafan sun yi tsatsa a gefe. An dawo da maganar daga baya, duk da ƙin amincewar da yawa daga cikin mutanen yankin. A watan Satumba na 2009, ana cikin gwaji, wata tsohuwar rijiya ta ɓalle, tururi ya yi ta tashi sama kimanin mita 60 har kusan wata guda kafin a shawo kansa. Ƙasar ta ɗauki zafi, wasu mata biyu 'yan yankin suka taka da ƙafa har Santiyago don kai kuka, aka dakatar da aikin. Tashar lantarki ta zafin ƙasa da Chile ta samu daga baya, Cerro Pabellón, wadda aka buɗe a 2017 kuma ita ce babba ta farko a Kudancin Amurka, a wani wuri dabam aka gina ta, can arewa.

Ni dai ina ganin wanda ya san wannan tarihi ba zai yi gunagunin kuɗin ƙofa ba, ba kuma zai ji haushi idan wata dattijuwa mai hular ulu ta daka masa tsawa don ya matsa kusa da rami ba. A gaishe su da kyau. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa.

Launukan da ke cikin magudanai, mene ne su?

Masu rai ne. Ja-ja, kore, ruwan goro da ruwan ƙasa da kake gani shimfiɗe a inda ruwa ke gangara, tarin ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu, kowane iri da zafin da yake iya jurewa. A bakin rami, inda ruwa ya fi zafi, fari ne fat. Kana bin magudanar da ido, ruwan na hucewa, launi na sauyawa. Suna rayuwa cikin guba da gishiri da ƙunar rana, da dare kuma gefensu ya daskare.

Wannan ne ya jawo masu binciken duniyar Mars. A 2007 motar bincike ta Spirit ta ci karo da silika a wani wuri a Mars, mai ƙananan rassa kamar yatsu. A 2016 Steve Ruff da Jack Farmer na Jami'ar Jihar Arizona suka nuna cewa siffofin sun yi kama ƙwarai da waɗanda ke El Tatio, inda ƙananan halittu ke da hannu wajen gina su. Ba su ce an ga rai a Mars ba, sun ce wuri ne da ya kamata a koma a duba. Sawun takalmi ɗaya yana rusa abin da ya ɗauki shekaru yana ginuwa. Haka jefa tsabar kuɗi ko dutse a rami don a ga ko zai tashi, yana toshe maƙogwaron maɓuɓɓugar ne kawai.

Zan iya tuƙa kaina?

Ana yi, amma ban ba baƙo shawarar ya yi da duhu ba. Wani ɓangaren hanyar ba kwalta, ga kwana-kwana, ga ƙanƙara a inda ruwa ya ratsa, ga ƙurar motocin da ke gaba, kai kuma ga barci ga puna. Babu gidan mai a hanya, babu mai faci. Wanda ya nace, ya cika tanki a San Pedro, ya nemi mota mai tsayi, ya duba tayar safaya, ya ɗauki ruwa da bargo, ya gaya wa mutanen masaukinsa inda ya nufa da lokacin da za a sa ran dawowarsa.

Wane wata ya fi?

Ana zuwa duk shekara. Yuni zuwa Agusta tururi ya fi kauri, sanyi ya fi tsanani. Janairu zuwa Maris ruwa da tsawa kan ƙetaro daga ɓangaren Boliviya, wani lokaci hanya ta yanke a rufe wurin. Afrilu da Mayu, ko Satumba zuwa Nuwamba, sun fi sauƙi ga wanda bai saba ba.

Abinci fa, da abin da za a gani a hanyar dawowa?

Kamfanonin yawo kan shimfiɗa karin kumallo a gefen mota: shayi, burodi, ƙwai, cuku. Jan naman da ake yankawa siriri a sa cikin burodi yawanci na alade ne, sunansa jamón, a faɗa musu tun daren tafiya a ware maka naka. Kada kuma ka yi dabarar taho da guzuri daga gida ba tare da ka bayyana shi ba. Chile tana da tsanani ƙwarai a kan shigo da nama da tsirrai da iri. Kilishi, daddawa, goro, kuka, duk a rubuta su a takardar shiga, a bar jami'ai su yanke hukunci, domin ɓoyewa tara ce mai nauyi.

Dawowa da rana ake yi, a nan ne za ka ga abin da duhu ya ɓoye maka da asuba. Garken vicuña, dangin raƙumi ne ƙanana marasa tozo masu laushin gashi, suna kiwo a cikin busasshiyar ciyawa. A kan duwatsu akwai vizcacha, mai kama da zomo mai dogon wutsiya, tana shan hantsi ido a lumshe. A fadamar Putana tsuntsayen ruwa ne iri-iri, a tafkunan gaba kuma akan ga filamingo. Za ka lura da wasu dunƙule-dunƙule kore shar manne da duwatsu, masu tauri, sunansu llareta. Tsiro ne da ke ƙaruwa da kamar santimita ɗaya da rabi a shekara, wasunsu sun haura shekara dubu, kuma a da an yi ta saran su ana kai wa wuraren haƙar ma'adinai a matsayin makamashi har suka yi ƙaranci. Yanzu doka ta kare su. Dila kan matso kusa da motoci yana jiran a jefa masa burodi, kada a ba shi.

Yawancin motoci kan tsaya a Machuca, ɗan ƙauye a tsayin mita 4,000 mai gidajen ƙasa da rufin ciyawa da wata tsohuwar majami'a fara a kan tudu. Ana gasa tsiren naman lama, wata dabba dangin vicuña, a bakin hanya, ana kuma soya fanke mai cukun akuya a ciki. Wanda ke kiyaye yanka ya tsaya a kan na cukun, ya haɗa da shayi mai zafi, ya sayi safar hannu ko hula daga matan da ke saƙa su a wurin. Kafin azahar an koma San Pedro, kuma ya kamata a bar sauran yinin don hutu da shan ruwa, kada a ɗora wani hawan tsauni a kai.